Ƙayar Ronin a Farantin Shayi

Talata, 7 ga Nuwamba

Yusob zai tafi. Ƙarshen watan nan zai je Ranong ya shiga babban jirgin masunta, irin wanda yake yin wata da watanni ba a ga tudu ba. A teburin shayina ya faɗa mini, a gaban masu saye, don ya san ba zan yi masa tijara a gaban mutane ba. Wayon ubansa sak. Na ci gaba da murza roti, gurasar da nake soyawa, kamar ban ji ba, har na ƙona biyu.

Shi kaɗai gare ni. Teku ta cinye mini miji, yanzu kuma ɗan take nema.

Kasem mijina, kai ka ja mini. Da ka bar zobenka a yatsa, da yanzu kana nan kana hana shi da kanka. Ni na sa aka ƙera maka shi, azurfa da ƙayar kifin nan ronin a tsakiya, kuma kowa a garin nan ya san mai ƙayar ronin a hannu ruwa ba ya cin sa. Amma kai da shegen cire zobe in za ka taɓa inji. Aka fito da kai hannu wayam. Allah ya ji ƙanka, amma sakacin nan har yau ban yafe ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Na tare Bang Leb da ya zo shan shayi, na tambaye shi ko ya san inda zan samo ƙaya, ko da guda ɗaya ce. Bang muke ce wa namijin da ya girme mu. Shi kam yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun da aka ba shi shugabancin ƙungiyar masunta sai ka ce da gwamnati kake magana. Ya nuna mini hoton da ke manne a ginshiƙin rumfata, wanda Fon ta ofishin kula da kifi ta liƙa bara. Kifin ne, da jan rubutu a ƙarƙashi.

"Piyah, yaushe rabonki da ganin ronin? Ni da nake wuni a ruwa na manta rabona. Kuma yanzu laifi ne. Ki yi wa yaro addu'a."

Na ce addu'a ba sai an koya mini ba. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wata magana, sai ya fasa, ya shanye shayinsa ya tafi. Hoton ma ni don ya rufe tsagar ginshiƙi na bari aka liƙa shi.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Dole in rubuta abin da ya faru yau.

Da hantsi kwata, inda kwale-kwale ke tsayawa, ta kaure da hayaniya. Ronin ta faɗa ragar kaguwar Bang Leb, da ranta. Mace ce, ta fi tsayin mutum, kai faffaɗa kamar faifai, baya toka-toka da ɗigon fari. A gefen kwale-kwale suka jawo ta a hankali, suka saka ta a tsohon jirgin nan da ya nutse rabi a gindin kwata, inda ruwa ke shiga yana fita. Tsofaffi suka taru suna cewa rabonsu da ganinta tun suna samari. Bang Leb ya buga wa Fon waya, ta ce kada kowa ya taɓa ta, tana tafe bayan sallah ta sa mata alama a sake ta.

Ni ba kifi na gani ba. Ƙayoyin na gani, jere a saman idanunta da kafaɗunta kamar haƙoran zarto.

Aka kira sallah. Maza suka wuce masallaci, Bang Leb ne na ƙarshe don ya tsaya gyara mata inuwa da buhu. Mata suka shige gida ɗora tukunya. Kwata ta yi tsit. Na ce wa kaina, ai ba kashe ta zan yi ba. Masu kashewa su ne masu laifi. Uku kawai zan ɗauka, ga su nan birjik a jikinta, a sake ta ta tafi abinta, kowa ya samu nasa. Wallahi a lokacin gani nake dabara na yi.

Na ɗauki wuƙar albasa da filaya, na tattare zani na shiga. Na zaci ƙaya za ta ɓalle kamar ta jikin lemo. Ashe saiwa gare ta a cikin nama, sai da na yanka na zurfafa. A ta farko ta buga wutsiya har na faɗi zaune a ruwa. A ta biyu ba ta buga sosai ba. A ta uku ko motsi, sai ramukan nan na bayan idanunta suna buɗewa suna rufewa. Duk wannan lasifikar masallaci tana kawo mini huɗuba tar a kunne, liman yana magana a kan amana. Na kwarfe jan ruwan da bokiti har ya yi haske.

Da Fon ta zo ta ga wuraren, ta tambaya. Bang Saman, sarkin surutun teburina, ya ce ai raga ce, ƙaya takan sarƙe ta ɓalle. Bang Leb ya matso kusa. Ya dubi kifin, ya ɗago ya dubi zanina da ya jiƙe har ƙugu, ya kau da kai. Aka sake ta, ana tafi ana ɗaukar hoto. A karkace ta tafi.

Ƙayoyin suna cikin gwangwanin madara, a bayan buhun fulawa.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Da wuƙar na yanka albasa yau. Na wanke na sake wankewa, duk da haka ban iya cin rotin ba.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Hoton sakin ya zagaya wayoyi, ko'ina sai yabon garinmu ake. Fon ta dawo ta zauna a rumfata ta sha shayi da madara. Yarinya ce mai hankali, 'yar garin Trang, ba musulma ba ce amma takan yafa gyale in za ta shigo mana. Murna take ta yi kamar an yi mata haihuwa.

Ta ce yadda masana suka auna, ronin ta kai matakin da daga shi sai a wayi gari babu ita a teku. Ba ƙwai take zubawa dubbai kamar sauran kifaye ba, haihuwa take yi, 'yan kaɗan, kuma ba a maye gurbin wadda aka rasa da wuri. Tun da ta fara aiki, a kan teburin kasuwa kawai take ganinsu, an yanke fiffike an ƙwaƙule ƙaya. Wannan ce ta farko mai rai da ta taɓa da hannunta.

"Yaya Piyah, mutanen garinku 'yan albarka ne." Ta kama hannuna tana faɗa. Na daman kuwa, wanda ya riƙe wuƙar.

Na ƙi karɓar kuɗin shayinta. Ta ɗauka kirki ne.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ronin ta dawo.

Ruwa ya janye da safe ya bar ta a kan yashi, can bayan kwata. Matan da suka fita tsintar kaguwa suka gan ta. Ban yi niyyar zuwa ba, ƙafata ce ta kai ni. Wuraren nan uku sun kumbura, sun yi fari, sun ruɓe. Alamar Fon tana nan a bayanta, 'yar rawaya.

Fon ta zo da wani likitan dabbobi, a nan suka buɗe cikin. 'Ya'ya biyar, kowanne kamar daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, an gama halittarsu tsaf, har da 'yan ƙayoyinsu a ka. Likitan ya jera su a kan buhu. Ya ce saura kaɗan ta haihu, wataƙila abin da ya kawo ta kusa da gaɓa ke nan. Sannan ya sa yatsa a ɗaya daga cikin ramukan, ya ce wannan ba aikin raga ba ne, wuƙa ce.

Fon ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Tsugunawa kawai ta yi tana kore ƙudaje daga kan 'ya'yan.

Ni da na ce ba kisa zan yi ba. Shida na kashe.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Bang Saman ya samu abin yi. Tun kafin ruwan shayi ya tafasa ya fara.

"Ragar wa ta kama? Wa ya ce kowa ya tafi masallaci a bar ta ita kaɗai? Wa ya shigo sahu a makare?" Yana lissafawa da yatsu. "Shugaba ke nan. Mu ya hana mu, shi kuma ya san masu saye a birni."

Aka yi dariya. Wani ya ce dama hanin nan na Bang Leb bai taɓa kwanta masa ba. Mutanen da jiya-jiya suke cusa kai don su fito a hoto kusa da shi.

Sai Bang Saman ya juyo. "Piyah, ke da rumfarki ke kallon kwata, ba ki ga kowa ba?"

Na ce ina ciki ina kwaɓa fulawa. Na ƙara masa sukari. Har na ce Allah ya tona asirin wanda ya yi. Da bakina na faɗa, suka amsa da amin.

Tir da ni. Kunya ce ta cika ni har wuya, amma ba ta kai ta buɗe mini baki ba.

Bang Leb bai zo shayi ba. Ba wanda ya zauna a kujerarsa, ƙafa suka ɗora a kai.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na hau motar haya zuwa Satun da gwangwanin a jaka. Na ce wa Yusob fulawa zan sayo. Abin da nake gaya wa kaina a hanya shi ne ɓarna ta riga ta faru, in ban yi zoben ba to ta mutu a banza.

Maƙerin azurfar da ya yi zoben Kasem yana nan, ya ƙara tsufa. Na buɗe masa a bayan kanti. Wari ya tashi. Ya juya ɗaya da tsinke, ya ga naman da ke maƙale a gindinta.

"Wannan ai ɗanya ce. Daga garin nan da aka nuna a waya kike?"

Na ce a'a. Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi mini murmushin da ɓarawo yake yi wa ɗan'uwansa ɓarawo. Ya rage murya ya ce in shanya su a ɓoye su bushe, in dawo bayan wata biyu in magana ta lafa, zai yi mini mai kyau. Har yana cewa ina da sa'a, irin wannan girman ba a samu yanzu.

Ina da sa'a. Ni da nake sallar asuba a kan lokaci, yau ni ce mai raɗa a bayan kanti.

Na dawo da su. Fulawar ma na manta.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Mutanen ofis sun zo sun yi wa Bang Leb tambayoyi. Sun ce kada ya fita da kwale-kwalensa sai an gama bincike, ga shi lokacin kaguwa ne. Ƙungiya kuma za ta zauna ranar Juma'a bayan sallah, tsige shi za a yi. An ce abin da ya faɗa musu bai wuce, "Ban cire ba, ban kuma ga lokacin da aka cire ba." Duka gaskiya ne. Ya san inda ya tsaya.

Yusob ya ci kwalar Bang Saman a kwata, da ƙyar aka raba. Ya shigo da riga a yage, ya zauna a kan buhun fulawa da kwanon shinkafa a hannu. A kan buhun nan fa, da gwangwanin a bayansa.

"Ma, Kawu Leb ne fa. Mutumin da ko kaguwa mai ƙwai ya kama mayar da ita yake yi." Ya yi loma biyu, ya ajiye cokali. "Wanda ya yi wannan, shi ba shi da ɗa ne? Mai ciki ce fa."

Na ce ya ci abinci ya bar surutu.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ko a bayan murfi warin yana fitowa. Ko kuwa ni kaɗai nake jin sa, oho.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Na yi miyar kifi mai tsami, irin wadda yake so, na kai wa Bang Leb da la'asar. Na same shi a ƙarƙashin gida yana ɗinkin ragar da aka hana shi jefawa. Ya rame. Na ajiye kwano na ce, Bang, ka ci.

Bai ɗago ba ya ce, "Kin yi zoben?"

Haka kawai. Na ce ban yi ba. Sai kuma bakina ya ɓalle. Ni da na zo ba da haƙuri, sai ga ni ina faɗa. Na ce shi 'ya'yansa duk a tudu suke aiki, bai san abin da nake ji ba. Na ce da Kasem bai cire nasa ba da ban zama haka ba, kuma ba zan tsaya ina kallo ɗana ya shiga teku hannu wayam kamar ubansa ba.

Ya ajiye allurar, ya hau sama, ya sauko da wani ƙullin tsumma. A tafin hannuna ya kwance shi.

Zoben Kasem. Azurfar ta yi baƙi. Ƙayar ta siɗe a gefe ɗaya, inda yake yawan murza ta da babban yatsa in yana tunani.

"Yana hannunsa, Piyah. Ni na zare shi a cikin kwale-kwale kafin mu iso da shi gaɓa. Sai da na sa man inji, yatsan ya kumbura."

Na zauna a ƙasa. Na ce don me.

Ya ce tun da aka fara nema ina tsaye a kwata ina cewa da zobensa a hannu, zai dawo. Ya ji tsoron in ga abin da na ba shi a hannun gawa. Da na duba hannun na ce ya cire, na hau yi masa faɗa, sai ya ga faɗan ne yake riƙe da ni a kan ƙafafuna, ya bar ni da shi. "Ranar da kika tambaye ni ƙaya ya kamata in faɗa miki. Na buɗe baki na kasa. Da na faɗa, da kifin nan tana teku da 'ya'yanta. Laifin nawa ne kafin ya zama naki."

Na ce Juma'a fa.

"Su tsige. Ke da rumfa kike ci. In suka daina shan shayinki ina za ki? Yaro kuma zai tafi, kada ya tafi da wannan a ransa." Ya jawo kwanon ya buɗe, ya ɗanɗana. "Tsamiya ta yi yawa."

Ba ta yi yawa ba. So yake in tashi in tafi kafin ya ga kukana.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Kasem, ashe ba ka cire ba. Duk shekarun nan ina kiranka mai sakaci, kai kuwa ka riƙe mini shi har ƙasan ruwa. Ka yafe mini.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Teburi ya cika da safe, kowa ya zo jin yadda zaman zai kasance. Fon ma ta iso da wuri. Yusob yana gefe yana shan shayinsa, fuska a ɗaure.

Ban shirya magana ba, ban iya ba. Na wanke farantin shayi guda, na juye gwangwanin a ciki, na ɗora wuƙar albasa a kai. Na kai tsakiyar teburi na ajiye kusa da sukari, na koma wajen kaskona.

Bang Saman ya miƙa hannu zai ɗebi sukari, hannun ya tsaya a sama.

"Piyah, wannan fa?"

Na ce, ranar ka tambaye ni ko na ga wani a kwata. Ban ga kowa ba, don ni kaɗai ce a wurin.

Bang Saman ya janye hannunsa. Ba wanda ya zage ni, kuma wallahi da zagin ya fi. Fon ba fuskata ta duba ba, hannuna ta duba. Yusob ya ajiye kofi a hankali, ya tashi ya fita. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Roti yana ƙonewa a gabana ina kallo. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, suka bar mini shayi rabi-rabi a kofuna.

Ina tattara kofunan sai ga Bang Leb. Ban san wanda ya kai masa labari ba. Ya kaɗe kujerarsa ya zauna, ya dubi farantin, ya dube ni.

"Ba ki jin magana tun kina ƙarama. Zuba mini, kada ki cika sukari."

Ƙungiya ta zauna, ba a tsige shi ba. An ce Bang Saman ne ya fara tashi ya ba shi hannu. Fon ta naɗe ƙayoyin a takarda ta tafi da su. Litinin zan bi ta ofis. Abin da za su yi mini su yi.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Yusob ya tafi.

Tun Juma'a bai ce mini kanzil ba, a gidan Bang Leb yake cin abinci. Duk da haka na ƙunsa masa shinkafa da soyayyen kifi na bi shi bakin titi. Na zaci karɓa zai yi ya juya. Ya karɓa, ya tsaya. Sai ya kama hannuna, na daman nan, ya sunkuya ya ɗora shi a goshinsa kamar yadda yake yi tun yana yaro. Ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Ma, ki riƙa cin abinci."

Na dubi yatsunsa, wayam. Zoben ubansa yana ƙulle a bakin zanina har motar ta tashi. Ban kwance ba. Tsoro dai ina ji, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na karanta masa abin da na iya har ƙurar motar ta kwanta.

Mutum uku suka sha shayi yau, da Bang Leb a ciki. An ɗage masa hani, gobe da asuba zai jefa raga.

Ruwan jiya ya ɗaga gefen hoton nan na ginshiƙi, yana ta lilo. Na ari guduma na kafe shi da ƙusa, kowace kusurwa. Na goge shi da tsumma. Ba don komai ba, tsagar ginshiƙin ce take ƙara buɗewa.